Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano Kan Ɓeraye Da Wayoyin Wutar Gidajenmu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Injiniya Abba Kabir Yusuf,
Gidan Gwamnati, Kano.



 

Ranka ya daɗe, na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda maganar da nake tafe da ita ba ta da ofishin da za a kai ta. Magana ce ta ɓerayen da suka yi kaka-gida a silin gidajen birnin nan, da wayoyin wutar da suke gaigaya, da gobarar da kan biyo baya. Alhakin kamfanin raba wuta na KEDCO ya tsaya a bakin mita. Hukumar kwashe shara ta REMASAB aikinta bola da titi. 'Yan kwana-kwana ba a kiran su sai hayaƙi ya tashi. Ma'aikatar lafiya tana jiran mara lafiya a asibiti. Kowannensu yana da hujja in ya ce ba huruminsa ba ne, amma magidancin da ke jin gudun ɓeraye a saman kansa cikin dare, yana kuma shaƙar ƙaurin roba daga soket, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Idan matsala ta faɗa tsakanin ofisoshi irin haka, babu mai iya tattaro su wuri guda sai wanda duk suke sauraron kiransa. Kai injiniya ne, kuma ka riƙe ma'aikatar ayyuka da gidaje daga 2011 zuwa 2015, don haka ba baƙon zance zan yi maka ba.

Batu na farko shi ne yadda ɓera ke tayar da wuta, domin da yawa suna ɗaukar ɓarnarsa ta tsaya a buhun hatsi da tufafi. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, suna ƙara tsawon da ya haura santimita 10 a shekara, kuma sun fi tagulla da dalma tauri. Gaigaya ɗabi'arsa ce, ko da yunwa ko babu. Robar da aka lulluɓe waya da ita ba ta tsaya masa, kuma wayar tana bi ta hanyar da shi ma yake bi, wato kan katakon rufi da bakin bango. Idan ya feɗe robar, wayoyi biyu na iya haɗuwa su yi tartsatsi. A gidan da aka yi wa wayarin bisa ƙa'ida, fis zai tsinke nan take wutar ta yanke. Sai dai a gidaje da dama, duk ranar da fis ya tsinke sai a ɗaure gurbinsa da waya mai kauri don kada ya sake damun mutane, alhali tsinkewar nan ita ce dukan amfaninsa. Hanya ta biyu ta fi haɗari: ɓera ya cinye wasu silallan wayar ya bar kaɗan, wutar da ya kamata ta bi ta hanya mai faɗi ta matsu ta siririya, wurin ya riƙa zafi yana tartsatsi a hankali, kuma fis ba zai tsinke ba don wutar da ke wucewa ba ta kai yawan da zai tsinke shi ba. A gefen wannan wuri kuwa akwai sheƙar ɓeran da kansa, ta tsumma da takarda da leda, a kan silin kwali ko na roba, ƙarƙashin katakon da hunturu ya busar.

Halin wutar lantarkinmu yana ƙara wa abin muni. Ana ɗauke wuta da rana a bar makunnai a kunne, a dawo da ita tsakar dare mutane na barci, ko kuwa an kulle gida an tafi unguwa. Gida ɗaya a yau yakan haɗa wutar gari da janareta da sola, kowanne da wayoyinsa da aka ja a lokuta daban-daban, galibi a fili ba cikin bututu ba. Wayar da ta taso daga batirin sola kuwa tana ɗauke da wuta dare da rana, ko unguwa tana cikin duhu. Ban da gobara, wayar da aka feɗe in ta taɓa kwanon rufi ko ƙofar ƙarfe, a gidan da ba a binne wayar ƙasa mai janye wutar da ta ɓalle ba, yaro yana dafa ƙofar za ta kama shi. Wannan alaƙa ta ɓera da wuta an san ta tun da daɗewa. A hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Jabir, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a rufe kwanukan abinci, a kulle ƙofa, a kashe fitila lokacin barci, ya kuma bayyana dalili, cewa ɓera kan ja lagwani ya ƙone mutanen gida. Lagwanin zamaninmu yana cikin silin, inda mai gida ba ya ganinsa balle ya hure shi.

Batu na biyu shi ne inda ɓerayen ke fitowa. Cikin ɓera kwana 21 ne zuwa 23, yana haihuwar 'ya'ya shida zuwa goma ko fiye a lokaci guda, kuma 'ya'yan kan fara haihuwa cikin wata biyu zuwa uku. Dabbar da ke hayayyafa haka, abin da ke iyakance yawanta shi ne abinci da mafaka. Binciken da masana na Jami'ar Johns Hopkins suka yi a unguwannin birnin Baltimo na Amurka a shekarun 1940 ya nuna cewa idan aka kashe ɓeraye da guba aka bar shara yadda take, yawansu kan dawo cikin watanni, amma idan aka gyara muhalli sai yawan ya sauka ya zauna ƙasa. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan darasi da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu dubi birninmu da wannan ido: jujin da kan kwana makonni a bakin titi, kwatocin da leda ta toshe, ragowar kayan gwari da na marmari a 'Yankaba da 'Yan Lemo, tsabar da ke zuba a rumbunan Dawanau, sharar abbatuwa, da kangwayen da aka mayar bola a tsakiyar unguwa. Waɗannan wurare ne ke ciyar da ɓerayen da ke kwana a silin mutane, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke hannun magidanci.

Batu na uku shi ne lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa da ke shiga gidaje da rumbuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa nuna wata alama mai tsanani, amma a cikin waɗanda cutar ta kwantar a asibiti kimanin kashi 15 kan rasu, wasu daga waɗanda suka warke kuma su kurumce. Kano ba ta manta da watan Janairun 2020 ba, lokacin da cutar ta yi ajalin likitoci biyu a birnin nan. Abin lura shi ne lokacin da Lassa ta fi tsananta, daga Disamba zuwa Afrilu, shi ne kuma lokacin gobara. Rani yana koro ɓeraye daga daji da gonaki zuwa inda aka adana amfani, hunturu yana busar da rufi, mutane suna jona abin dafa ruwa a kan wayoyin da suka riga suka raunana. Matakin da zai hana ɓera shiga gida yana rage haɗarin biyu a lokaci guda.

Batu na huɗu shi ne maganin da jama'a suka koma gare shi da suka rasa mai taimaka musu. Shinkafar ɓera da fiya-fiya da ƙwayoyin turaren hatsi ana sayar da su a tire da baro, cikin leda da kwalba marasa suna, babu bayanin abin da ke ciki balle yadda za a ceci wanda ya ci. Ana barbaɗa su a ɗakin da yara ke rarrafe, kusa da tukunya. Kaji da kyanwa kan ci su mutu, kyanwar da ita ce mai gadin gidan tun asali. Ɓeran da ya ci kaɗan bai mutu ba yakan guji wannan abinci daga ranar, wanda ya mutu kuma ya ruɓe a cikin silin. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wasu magungunan ƙwari masu haɗari a kasuwanni, amma doka ba ta aiki sai da mai bin sawunta a ƙasa. Labaran mutanen da gubar ɓera ta hallaka, bisa kuskure ko da gangan, sun isa su nuna cewa bai kamata wannan kaya ya zama abin da yaro zai sayo da canjin aike ba.

Mai Girma Gwamna, na san akwai masu cewa ɓeran gida da wayar gida sha'anin mai gida ne, gwamnati ba ta shiga silin kowa. Akwai gaskiya a ciki, domin rufe abinci da toshe rami da kiran ƙwararren mai gyaran wuta duk nauyin magidanci ne, ba na kuma neman a sauke masa shi. To amma a dubi yadda gidajenmu suke a cikin Birni da Fagge da Kurna da Rijiyar Lemo da Brigade da Ɗorayi: bango a jingine da bango, rufi a haɗe da rufi. Ƙaramin ɓera yana ratsa kafar da ba ta wuce milimita 6 ba, don haka wanda ya tsaftace gidansa shi kaɗai, ɓerayen maƙwabta ne za su gaje wurin. Wutar da ta tashi a ɗaki ɗaya kuma ba ta tsayawa a iyakar fili, ga lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Sannan dubban masu zama a gidajen nan 'yan haya ne, ba su da ikon taɓa wayarin da aka yi shekaru talatin da suka wuce, mai gidan kuma yana zaune wata unguwa, ba abin da ke tilasta masa ya gyara. Duk cutarwar da mutum ba zai iya kare kansa daga ita shi kaɗai ba, wadda kuma sakacin ɗaya ke jawo wa goma, ta zama aikin hukuma.

Wasu kuma za su tambaya, ina alƙaluman da ke nuna gobara nawa ɓera ya haddasa? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ƙorafi ce a kan tsarinmu. Bayanin da aka saba ji bayan gobara shi ne matsalar wutar lantarki ce, daga nan a rufe magana. Amma wannan suna ne da ya ƙunshi abubuwa daban-daban: jabun waya, lodin da ya fi ƙarfin layi, haɗin da bai ɗauru ba, fis ɗin da aka ɗaure, da wayar da ɓera ya ci. Kowanne maganinsa daban. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ta lashe dubban shaguna, Kantin Kwari da Singa su ma sun sha ƙonewa, kuma darasin da ya kamata jiha ta ɗauka daga irin wannan asara shi ne ta koyi binciken musabbabin kowace gobara har tushe, a kasuwa ko a gida. Ko da an gano rabon ɓera ƙarami ne, aikin da nake nema ba zai tashi a banza ba, domin bututun da ke kare waya daga haƙorinsa da fis ɗin da ke yanke wuta a kan kari su ne dai ke kare gida daga sauran musabbaban.

Za a iya cewa kuma lantarki hurumin tarayya ne. Gaskiya ne hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke duba ingancin aikin wuta da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, kuma hukumar SON ce ke lura da ingancin wayar da ake sayarwa. Amma gyaran tsarin mulki da Dokar Lantarki ta 2023 sun buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Ko ba wannan, izinin gini a hannun hukumar tsara birane ta KNUPDA yake, kashe gobara da kwashe shara da duba tsaftar gidaje da dokar haya duk na jiha ne da ƙananan hukumomi. Babu abin da ya hana jiha ta ce ba za a shiga sabon gini ba sai an ga takardar mai wayarin da ke da shaida, ko ta gayyaci hukumomin tarayya su yi aiki tare a kasuwannin kayan wuta.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne tsoron cewa dawo da duba-gari, wato masu duba tsaftar gidaje, zai zama sabuwar hanyar tatsar talaka. Wannan tsoro yana da tushe, kuma duk tsarin da ya yi biris da shi zai mutu tun a wata na farko. Maganinsa yana cikin yadda aka tsara aikin: zuwan farko na nuni ne da shawara, ba tara, jami'i ya zo tare da mai unguwa, mace ta shiga cikin gida inda matan aure suke, a ba da wa'adi a rubuce, a kuma haramta karɓar kuɗi a hannu. Tara ta hau kan mai gidan haya da ya ƙi gyara bayan gargaɗi, da mai zuba shara a kwata, ba a kan bazawarar da ke haya ɗaki ɗaya ba. Kano ba ta rasa ma'aikata, domin Makarantar Koyon Tsafta da ke birnin nan tun zamanin Turawa take yaye jami'an lafiyar muhalli, da yawansu kuma suna neman aiki. Game da kuɗi kuwa, abin da ake kashewa wajen jaje da tallafi bayan kowace gobara, da abin da iyali ke rasawa a dare ɗaya na tarin shekaru, ya fi ƙarfin kuɗin bututun roba da ragar ƙarfe da siminti. Birnin New York da duk arzikinsa sai da ya naɗa jami'a ta musamman kan yaƙi da ɓeraye a 2023, kuma babban matakin da ya ɗauka shi ne sanya shara cikin mazubai masu murfi maimakon tara ta a leda a bakin titi. Wannan bai fi ƙarfin Kano ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abubuwan da nake roƙo.

Na farko, ka ɗora wa ofishi guda alhakin wannan magana, ya haɗa ma'aikatun muhalli da lafiya da REMASAB da hukumar kashe gobara da KNUPDA da masarauta, a kuma sanar da jama'a inda za su kai kuka.

Na biyu, a fara aikin rage ɓeraye unguwa-unguwa a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni kafin shigowar sanyi, bisa jeri: a kwashe juji, a yashe kwata, a toshe ramuka, sannan ƙwararru su sa magani a cikin akwatunan da yaro da kaza ba sa iya kaiwa. Tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata ta haɗa da kwashe abin da aka yaso a ranar, kada a bar shi a bakin kwata ya koma ciki.

Na uku, a samar da mazuban shara masu murfi a kasuwannin abinci da mahautai, tare da ranakun kwashewa da kowa ya sani.

Na huɗu, a sa sharaɗi a izinin gini cewa duk wayar da za ta bi silin ko bango sai a cikin bututu, da na'urar yanke wuta da wayar ƙasa, kuma mai shaidar ƙwarewa ne zai yi aikin. A wajabta wa masu gidajen haya da makarantun kwana da tsangayu duba wayarinsu lokaci-lokaci.

Na biyar, a horar da masu gyaran wuta na unguwa ta hannun kwalejojin fasaha na jiha, a yi musu rajista, a kuma ware wani lokaci kowace shekara da za su duba gidajen marasa ƙarfi kyauta ko a farashi mai sauƙi.

Na shida, a ba hukumar kashe gobara horo da kayan binciken musabbabin gobara, ta riƙa fitar da rahoto dalla-dalla ga jama'a.

Na bakwai, a haɗa hannu da NAFDAC a tsayar da tallan gubar ɓera a tire da baro, a mayar da sayar da ita hannun shagunan da aka yi wa rajista.

Na takwas, a nemi limamai da masu unguwanni da gidajen rediyo su isar da saƙo mai sauƙi: a rufe abinci, a daina shanya shi a ƙasa, a daina ɗaure fis, a kashe makunnai in an ɗauke wuta, kuma duk wanda ya ji ƙaurin roba ko ya ga fitila na rawa ba dalili ya kashe babban makunni ya kira mai gyara kafin ya kwanta.

Mai Girma Gwamna, babu ɗaya daga waɗannan da ke buƙatar jiran Abuja, kuma mafi yawansu umarni suke buƙata da bibiya fiye da kuɗi. Ina roƙon ka ba da wannan umarni tun kafin hunturu mai zuwa, ka kuma sa a riƙa kawo maka rahoton abin da aka aiwatar. Allah Ya tsare jiharmu daga gobara da annoba, Ya ba ka mashawarta na gari, Ya yi maka jagora.

Wassalamu alaikum.

Naka cikin girmamawa,
Wani mazaunin birnin Kano.